Idon Baba da Aikin Yamma

Zuwa ga 'Yar Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya karatu, yaya 'yan ɗakinku, yaya haƙorin da kika ce yana damunki? Ummanki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Dalili kuwa, shekaranjiya da kika kira kika ce tunda an ƙara kuɗin makaranta gara ki ajiye karatu shekara guda ki kama aiki a kantin magani, bakina mutuwa ya yi. Kin ji ina ta cewa to, to, wataƙila kin ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Ummanki tana gefena tana ninke wanki, kunnenta na kan wayar, ni kuma ban so ta ji muryata tana rawa ba. A takarda ba mai ji.

Shekara ɗaya ta rage miki ki gama karatun haɗa magunguna. Na ga masu ajiye karatu da yawa, a ofishinmu ma akwai su, kowa da niyyar komawa ya fito. Sai albashi ya shiga hannu, hidimar gida ta hau kai, shi ke nan zancen ya bi ruwa. Ba zan zauna ina kallo hakan ta same ki ba.

Albashin masinja kin san shi, da jan ciki yake kai mu ƙarshen wata, ba zai ɗauki wannan ƙarin ba. Amma ofis ana tashi da la'asar, daga nan har dare ba abin da nake yi sai zaman benci a ƙofar mai aski, muna gyara duniya da baki. Na ce bari in sayar da wannan lokacin. Tun makon jiya nake yawon neman aikin yamma.

Na fara da gidan man da ke kan babbar hanya. Mai kula da wurin ya karɓe ni da mutunci, har kujera ya ba ni, ya ce in turo yaron ya gan shi. Na ce ai ni ne yaron. Kunya ta kama shi, ni ma ta kama ni, muka rabu muna ta yi wa juna godiya ba dalili. A gidan burodi suka ce in ɗaga buhun fulawa su gani. Ɗagawa kam na ɗaga, saukewar ce ta gagara, sai da mutum biyu suka karɓe ni. Ummanki ta gasa mini baya da ruwan zafi tana dariya ƙasa-ƙasa, wai don kada in ji. Masu gadi kuwa kwana suke so, ni kuma in na kwana a tsaye ba zan iya ɗaukar fayil da safe ba. A wani babban kanti yarinyar da ke bakin ƙofa ta karɓi lambar wayata ba ta ko ɗaga kai ba.

Ina ba ki labarin da raha, amma gaskiya barci ya yi mini wuya. Da na kwanta sai in tuna ranar rufe rajista tana matsowa. Duk da haka ban fid da rai ba, gobe ma akwai inda zan leƙa. Abin da nake roƙonki, kada ki je wurin mai kantin maganin nan, kada ki sa hannu a wata takardar ajiye karatu. Ki ba ni ɗan lokaci.

Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba

*

Zuwa ga 'Yar Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, jarrabawar gwaji kuma ta zo da sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai auta da ya yi ɗan mura, ya kuma warke.

Albishirinki, an samu. Wani direba da ke aski a wurinmu ne ya ce kamfanin kai saƙonnin da yake wa aiki suna neman masu rarraba kaya da yamma. Na je washegari da rigata ta zuwa ɗaurin aure. Manajar wurin mace ce, ba za ta girme ki da yawa ba, ba ta da yawan magana kuma ba ta da yawan murmushi. Ta tambaye ni ko na iya karatu, na ce shekaruna a ofis sun fi shekarunta a duniya, ban taɓa kai fayil ofishin da ba nasa ba. Ta ce in fara, amma gwaji ne, in an ga kamun hannuna a tabbatar da ni.

Bari in kwatanta miki wurin. Wani ƙaton sito ne mai rufin kwano, da dogayen tebura a jere, sama kuma fararen fitilu masu tsawo. Motoci suna sauke kwalaye da ƙunshe-ƙunshe a ƙofa, a turo mana a baro. Kowane kwali an liƙa masa farar takarda mai adireshi da lambar hanyar da zai bi. Aikinmu mu duba lambar, mu jefa shi a kejin da ke ɗauke da ita, direbobi su kwashe da asuba. Kowane tebur mutum biyu ne. An ba ni riga mai ruwan lemo, ƙannenki suka ce na yi kama da masu gyaran titi.

Abokin teburina malamin firamare ne, kowa Ticha yake ce masa. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, shi ya sa ya haɗa aiki biyu. Daga aji yake zuwa, alli a hannun riga, kullum a makare, bakinsa kuma ba ya hutawa. Yana aiki yana kwaikwayon muryar iyayen yara, har sai Manaja ta leƙo. Hannunsa akwai sauri, kafin in juya kwali ɗaya ya jefa uku. Yana ce mini Kawu, shayinsa ma tare muke sha.

Ƙafa tana ciwo, ba zan ɓoye miki ba, amma ciwon da ake biyan mutum a kansa ne. Abin da ya fi damuna fitilun nan. Haskensu ya yi yawa, sai ya sa takardar tana ƙyalli, rubutun kuma ƙanana kamar an zuba kiyashi. Sai na karkata kwalin na kawo shi kusa da hanci kafin lamba ta tsaya. Haka in na hau babur zan koma gida bayan isha'i, fitilun motoci kamar an ƙara musu ƙarfi a 'yan shekarun nan, kowacce da rawanin haske a kanta. Ina bin gefen hanya a hankali.

In Allah ya sa aka tabbatar da ni, da wannan da ɗan abin da muka tara za su kai ki. Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu. Ki riƙa cin abinci, Ummanki ta ce a hoton da kika turo wuyanki ya yi tsawo.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Baba

*

'Yar Baba,

Ina gaishe ki, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Gida kowa lafiya. Wannan takardar ke kaɗai za ki karanta, kada ki yi zancenta da Ummanki a waya.

Kin tambaye ni me ya sa rubutuna ya yi girma haka, kamar na mai koyon rubutu. Na yi dariya na ce biron ne. Ba biron ba ne.

An fara dawo da kaya daga teburinmu. Kwalin da ya kamata ya bi wata hanya sai a same shi a wata. Da farko ɗaya-ɗaya ne, Manaja ta yi gargaɗi ta wuce. Sai ranar Talata wata mata ta zo har cikin sito. Allurar ciwon sukarin mahaifinta ce aka aiko mata cikin ƙaramin akwatin sanyi, aka jefa a kejin da ba nata ba, ta tafi wani gari. Kafin a gano a dawo da ita, ƙanƙarar ta narke, an ce ta lalace. Matar ba ta yi zagi ba, da ta yi zagin ma da ya fi mini sauƙi. Tsayawa ta yi riƙe da akwatin tana tambaya a hankali, yanzu yaya za ta yi da tsohon.

Na gane akwatin. Ni na jefa shi. Na tuna na juya shi, na juya, na kasa rabe uku da takwas, layin baro kuma ya taru a bayana, sai na zaɓi ɗaya.

Idona ne, 'yata. Ya daɗe yana yi, na hagun ya fi. Kamar ana kallon duniya ta gilashin da aka shafa wa mai. Da rana, bakin taga, ina lallaɓawa, yanzu ma a nan nake rubuta miki. A ofis ba wanda ya lura, domin fayilolinmu na san su da kala da kauri da inda suke kwana. Na ɗauka a sito ma haka zan lallaɓa. Ashe can kowane kwali baƙo ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ba wanda ya kalle ni. Kowa Ticha ya kalla, saboda shi ne mai sauri, shi ne mai surutu, shi ne mai makara. Ni kuwa da nake kawo kwali kusa da fuska, sun ɗauka tsabar kula ce irin ta manya. Manaja ta kira shi ofishinta, ya fito ba ya ko kallon kowa. Ranar bai kwaikwayi muryar kowa ba. Da lokacin shayi ya yi ya zuba mini nawa kamar kullum, na karɓa, na ajiye shi har ya huce.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna rajistarki. In sito suka sani, sun sallame ni. In labari ya kai ofis, tsoro nake ji kada su ce in yi ritaya tun lokaci bai yi ba, mu rasa duka biyun. Na sayi tabarau a wurin masu tallarsa a bakin kasuwa, na gwada kala-kala, mai tallar yana riƙe mini jarida. Haruffan sun ƙara girma, hazon kuma yana nan.

Ke da kika karanci magani, don Allah ki faɗa mini gaskiya, in mai ciwon sukari ya yi 'yan kwanaki ba allurarsa, me zai same shi? Tambayar nan ta hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan yi wa sai ke.

Ki sa ni a addu'a.

Babanki

*

Zuwa ga 'Yar Baba,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin huce. Na san ranki ya ɓaci, na ji a muryarki. Ban taɓa jin kin ɗaga mini murya ba sai jiya, kuma ban ga laifinki ba. Na gode da kika ce kamfani zai iya sayo wata allurar a gari, na bincika na ji haka aka yi, tsohon yana nan lafiya. Ranar na ɗan yi barci.

Kin ce in je asibitin ido, in daina hawa babur da dare, in faɗa wa Manaja, in ba haka ba za ki tattara kayanki ki dawo. Na ce miki zan yi. Yanzu dole in gaya miki cewa kafin ki kira ma an riga an yi abin da kike tsoro, ɓoye miki na yi.

Ranar Alhamis ina dawowa, wata mota ta haske ni daidai inda ake haƙa lambatu kusa da makarantar su auta. Duniya ta yi fari fat. Ban ga tulin ƙasar ba sai da na hau shi. Allah ya taƙaita, ba gudu nake ba, gwiwa ce ta daku, tafin hannu ya kwaile, fitilar babur ta fashe. Wasu masu sayar da lemo suka ɗaga ni. Abin da na kasa mantawa har yanzu, a gefen ramin akwai wata mata da goyo tana jiran tsallakawa. Ban gan ta ba sam, sai da na tashi na ji muryarta tana yi mini sannu. Da na karkata dama maimakon hagu, ban san abin da zan rubuta miki yau ba.

Na turo babur har gida. Ummanki ta wanke ciwon, ta ɗaure. Sannan ta ɗauko kwalbar maganin, ta miƙo mini ta ce in karanta mata yadda ake shafawa. Na riƙe kwalbar, na juya ta, na ce fitilar ɗakin ba ta da haske. Ta karɓe abinta. Sai na faɗa mata komai, da idon, da akwatin allurar, da Ticha. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce shekara nawa muna ɗaki ɗaya, amma 'yarta ta riga ta ji. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, abinci kuma a rufe nake samunsa. Makullin babur ma ban san inda ta kai shi ba.

Yanzu motar haya nake shiga zuwa sito, ina ɗingishi, na ce musu santsi ne ya kwashe ni. Ina ƙoƙarin tura wa Ticha ƙananan ƙunshe-ƙunshe in ɗauki manyan kwalaye masu manyan lambobi. Duk da haka jiya an sake dawo da biyu. Manaja ta ba shi gargaɗin ƙarshe a gaban kowa, ta ce in aka ƙara, ya ajiye rigar. Da muka fito ya raka ni bakin hanya yana riƙe da hannuna saboda gwiwar, yana cewa shi ya rasa gane kansa, wataƙila rashin barcin jariri ne ya fara taɓa masa ƙwaƙwalwa. Har haƙuri ya ba ni, wai yana jawo wa teburinmu baƙin jini.

'Yar Baba, ban taɓa jin na raina kaina irin na jiya ba. Gobe zan shiga wurinta kafin a fara aiki. Na rubuta miki ne don in na faɗa miki ba ni da hanyar fasawa. Abin da zai biyo baya ban sani ba. Ke dai kada ki taho. Ki bar ni in gyara abin da na ɓata.

Naki,
Baba

*

Zuwa ga 'yata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. Ki yi haƙuri da jinkirin wasiƙa, abubuwa ne suka taru.

Na shiga wurin Manaja kamar yadda na yi alkawari. Na tsara magana tun a mota, da na tsaya gabanta duk ta watse. Na dai ce kuskuren teburinmu nawa ne, ba na Ticha ba. Ta ɗauka kare shi nake, irin na dattijai. Da na nace, sai ta ɗauko wani ƙunshi a gefenta ta ajiye a gabana.

"Baba, karanta mini lambar nan."

Na sunkuya, na karkata shi, na kawo shi kusa. Ta bar ni na daɗe. Daga ƙarshe na ajiye na ce ba na gani.

Ta ce ta ji daɗi da na faɗa, amma da na faɗa tun kafin allurar mutane ta lalace da ya fi. Ba za ta iya bari na a tebur ba, wani gurbin kuma babu. Ta sa aka kira Ticha ta janye gargaɗin a gabana. Shi ne wanda na kasa haɗa ido da shi. Na zaci zai yi faɗa, sai ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa gani na ba.

"Kawu, da ka faɗa mini tun farko, ai da ni zan riƙa karanto maka."

Ya juya ya koma aiki. Bai raka ni bakin hanya ba ranar, kuma ya yi daidai.

Washegari Ummanki ta tasa ni gaba zuwa asibitin ido. Likita ya ɗiga mini magani, ya haska, ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, ta hagun har ta isa cirewa. Ya ce aikin ba mai tsawo ba ne, ana yi mutum ya koma gida ranar, kuma akwai rangwame ga ma'aikata. Sun ba ni rana. A ofis na nemi hutun jinya ina jiran a kawo zancen ritaya, sai shugabanmu ya sa hannu ya ce shi ma an yi wa yayarsa. Duk da haka, in na tuna za a sa ƙarfe a idona ina farke, tsoro nake ji.

Yanzu ga babban zancen. Saboda gwiwata, Ummanki ce ta je mayar da rigar aiki. Ta daɗe ba ta dawo ba har na fara leƙen ƙofa. Da ta shigo, rigar tana cikin jakarta. Wai ta tarar kaya sun taru a teburinmu, Ticha shi kaɗai yana fama, sai ta tambayi Manaja ko mace tana iya aikin. Aka zuba mata kwalaye, ta karanta su tas. Kin san ta gama sakandare kafin aurenmu, ni ne ma nake mantawa. An ce ta fara gwaji in mijinta ya amince.

Na ce ban amince ba. Na kawo maganar dare, da ciwon bayanta, da abincin yara, da abin da mutane za su ce. Ta bar ni na gama, sannan ta ce duk yammacin da na fita tana zaune tana sauraron ƙarar babur har in dawo, ba ta taɓa hana ni ba. Ta ce yarinyar nan ba ni kaɗai na haife ta ba. Muka kwana ba mu shirya ba. Da safe na duba kwanan wata, na ga abin da ya rage a rufe rajista. Na ce ta je.

Ta fara tun ranar Litinin. Ni nake raka ta bakin hanya ta shiga mota, ita da maƙwabciyarmu mai aikin asibiti kuma suna dawowa tare. Hankalina bai kwanta ba ko kaɗan. Tsayuwar nan ni da nake namiji ta gigita ni, balle ita da bayanta. Kuma gwaji ne, ba a tabbatar ba.

Ki kira ta ki ƙarfafa mata gwiwa, amma kada ki ce na ce.

Babanki

*

Zuwa ga 'Yar Baba,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da ƙawayenki. Ƙannenki suna gaishe ki, sun ce ki zo ki cece su daga girkina. Saƙonki ya iso cewa rajista ta kammala. Na sa auta ya karanta mini shi sau biyu, sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima.

An yi aikin idon hagu. Tsoron da na kwana da shi ya fi aikin yawa. Na ji ana taɓawa, na ji likita yana hira da ma'aikaciyarsa a kan tsadar taya, kafin in gama addu'ar da na ɗauko sun ce an gama. Washegari aka cire bandeji. Likita ya hana ni yawan karatu da sunkuyo, don haka wannan ba za ta yi tsawo ba. Aikin idon dama sai nan gaba.

Ba a tabbatar da Ummanki ba tukuna, sai ƙarshen wata. An ba ta wani abu daga cikin haƙƙinta, shi muka haɗa da na hannunmu aka tura miki. Sau ɗaya aka dawo da kaya daga teburinsu, ta kwana ba ta ci abinci ba, sai daga baya aka gano direba ne ya ɗauki kejin da ba nasa ba. Ticha yana ce mata Gwaggo. Ranar da aka yi mini aiki ya aiko ta da gaisuwa, bai zo ba. Na karɓi gaisuwar, ban nemi fiye da haka ba. In na warke zan je gidansa da ƙafata in ga jaririn.

Yamma ta zama mini wani abu dabam. In na raka ta na dawo, sai in ɗora tukunya, in zauna da yara su yi aikin makaranta. Da an yi isha'i kuma ba na jin abin da suke faɗa, kunnena yana waje. Duk motar da ta tsaya sai na miƙe. Shekaranjiya motarsu ta lalace a hanya, wayarta kuma ba caji, na fita bakin titi ina tare duk wanda ya sauko. Da ta iso na fara faɗa, ta dube ni kawai, sai na karɓi jakarta muka wuce gida.

Akwai abin da nake so in faɗa miki, a waya ba zan iya ba. Ranar da aka cire bandejin na ga abubuwa da yawa. Na ga bangon ɗakinmu ya yi datti, na ga auta yana da tabo a haɓa wanda ban san da shi ba. Da daddare Ummanki ta dawo, ta zauna bakin gado da rigar aikin a jikinta, ta cire ɗankwali tana murza ƙafa. Na rufe idon dama na dube ta da sabon. Ashe ta yi furfura, 'yata, duk gaban kanta. Ƙasan idonta ya faɗa, yatsunta duk yankan kwali. Ni kuwa shekarun nan fuskar da na sani tun da can, ita nake ɗora mata, ina cewa ba ta canzawa. Ta ce kallon me nake mata haka, ko likita ya ɓata idon ne. Na ce a'a, ya gyaru. Na tashi na ɗora ruwa na gasa mata ƙafar, tana ta cewa likita ya hana ni sunkuyo.

Na ce mata da zarar an yi na daman na warke, zan koma wurin Manaja ita ta huta. Ta ce sai dai in nemi nawa teburin, nata ba ta bayarwa. Ban san ko wasa take ba, kuma ban sake tayar da zancen ba.

In an yi hutu kada ki tsaya ko'ina, ki taho kai tsaye. Ina so in gan ki da idon nan, don ke ma ban san abin da na rasa a fuskarki ba. In kin samu man shafawa mai kyau na ciwon baya, ki riƙo wa Ummanki.

Zan tsaya nan, lokacin tashinsu ya yi, bari in fita bakin hanya.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Naki har kullum,
Baba